Babur ɗin ƙanƙara yana fizge-fizge a kan gargada: a ina matsalar take?

Wani ɗan'uwa da aiki ya kai shi arewacin lardin Ontariyo a ƙasar Kanada ya aiko da tambaya. Ya ce ya sayi babur ɗin dusar ƙanƙara na hannu (abin hawa ne mai dogayen takalma biyu a gaba da ke zamewa a kan ƙanƙara a maimakon taya, da faffaɗan bel ɗin roba a baya da ke tura shi), wanda ya yi tafiyar kusan kilomita 9,000, kuma a kan hanyar da aka baje sumul ba shi da wata damuwa da shi. Amma da zarar hanya ta yi gargada, sai gaban babur ya riƙa fizgewa dama da hagu, kan babur yana neman ƙwacewa daga hannunsa, a kwana kuma takalmin da ke ciki yana ɗagawa sama. Ya ƙara wa sifirin ɗin gaba tauri, ya kuma sa wuƙaƙen ƙasan takalmi masu tsayi, wato ƙarafan da ke yanka ƙanƙara domin juyawa, sai abin ya ƙara lalacewa. Tambayarsa ita ce ko ya sayi sababbin shakazoba.

Malam, amsata a taƙaice ita ce kada ka saya tukuna. Na daɗe ina gyaran waɗannan babura, kuma cikin waɗanda ake kawo mini da irin wannan ƙorafi, kaɗan ne matsalarsu take farawa daga shakazoba. Abin da ka bayyana alama ce ta cewa takalman gaba biyu ba sa kallon inda ya kamata su kalla, ko kuma suna sauya alƙibla duk lokacin da suka hau tudu suka sauka, kuma nauyin da ke kansu ya wuce kima. Gyare-gyare biyun da ka yi duka sun ƙara wa takalman ƙarfin cizon ƙasa, shi ya sa kuskuren da a da yake ɗan ƙanƙani yanzu ya bayyana a hannunka ƙarara.

Domin maganar ta zauna, sai mun fahimci yadda gaban yake a haɗe. Baburan farko, irin Ski-Doo ɗin da Joseph-Armand Bombardier ya fitar a garin Valcourt na Kwibek a 1959, takalmansu a kan sifirin mai falle-falle suke, kuma ɗan motsin da suke yi sama da ƙasa bai taka kara ya karya ba. A 1980 kamfanin Polaris na garin Roseau a jihar Minesota ya fitar da TX-L Indy, wanda kowane takalmi yake da nasa hannun da nasa shakazoba, yana hawa da sauka ba tare da ya ja ɗan'uwansa ba. Tsarin ya yi ta sauyawa har aka tsaya a kan wanda yake kusan kowane babur a yau, musamman tun bayan fitowar Ski-Doo REV a 2003: hannaye biyu masu siffar gwafa a kowane gefe, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, suna riƙe da wani ƙarfe a tsaye da zan kira ƙwauri, takalmi kuma yana maƙale a ƙasan ƙwaurin da kusa guda. Tayarod ne ke haɗa ƙwaurin da kan babur. A ƙarƙashin takalmin akwai doro, a kan doron kuma akwai sandar ƙarfe mai ɗauke da ƙwayoyin kabaid masu kaifi, wato wuƙar da ke yanka ƙanƙara ta ba ka ikon juyawa. Takalmin baburin hanya na wannan zamani yana hawa da sauka kusan inci 9, wato sama da santimita 20, kuma cikin wannan doguwar tafiya ce duk rigimar take.

Abu na farko da zan nema a baburin da ya yi kilomita 9,000 shi ne sako-sako. Ka ɗaga gaban har takalman su bar ƙasa, wani ya riƙe kan babur gam, kai kuma ka kama bakin kowane takalmi ka girgiza shi gefe da gefe, sannan sama da ƙasa. Ka duba kawunan tayarod, da boljoyin, wato mahaɗan gwafa da ƙwauri, da bushin ɗin gindin gwafofi, wato zoben da suke juyawa a ciki, da kusar da ta ratsa takalmi da ƙwauri, da bushin ɗin sandar kan babur. Wasan milimita ɗaya a nan da wata ɗaya a can ba ya ɗaukar ido, amma takalmin ya kai kusan mita ɗaya a tsayi, saboda haka kafin wasan ya isa bakinsa ya riga ya ninka sau da yawa. Duk awon da za ka yi a kan haɗin da ke wasa ɓata lokaci ne, domin lambar da ka samu a gareji ba ita ce za ta kasance a kan hanya ba.

Idan sako-sakon ya kau, sai alaimen, wato daidaita inda takalman suke kallo, kuma a nan nake so in daɗe, domin nan ne na fi zargi. Wanda ya saba da mota yakan ɗauka cewa ya kamata bakin ƙafafun gaba su ɗan tsuke ciki. A babur ɗin ƙanƙara akasin haka ake so: bakin takalman biyu su ɗan buɗe waje, gaba ya fi baya faɗi da kamar milimita 3, wato kashi ɗaya cikin takwas na inci, kuma har zuwa milimita 6 ba laifi ba ne. Dalilin yana da sauƙin bi idan ka tuna cewa a kan gargada takalman biyu ba sa taɓa ɗaukar nauyi daidai, kuma wanda ya fi ɗaukar nauyi a kowane lokaci shi ne ke tuƙi. Ka ɗauka bakinsu a tsuke yake. Takalmin hagu yana kallon dama kenan. Da ya taka tudu ya ɗauki nauyi, sai ya tura babur dama, juyawa dama kuwa tana ƙara jefa nauyin babur a kan hagu, sai takalmin hagun ya ƙara cizo ya ƙara turawa. Abin yana ciyar da kansa har sai takalmin dama ya gamu da nasa tudun ya ƙwace ragamar, ya mayar da kai hagu da irin wannan ƙarfin. Wannan ita ce fizgar da kake ji. Idan kuwa bakinsu a buɗe yake, takalmin hagu yana kallon hagu, da ya ɗauki nauyi ya fara jan babur hagu sai nauyin ya koma dama, takalmin dama ya karɓa ya dawo da shi, kuskuren ya mutu tun bai girma ba. Bambancin milimita kaɗan ne tsakanin baburin da ke gyara kansa da wanda ke ƙara wa kansa ɓarna.

Yadda ake awon yana da muhimmanci kamar lambar kanta. Ana farawa ne daga baya, a tabbatar bel ɗin roba yana tafiya a tsakiya, ratarsa da sandunan da yake zamewa a kansu ɗaya ce hagu da dama, domin bel ɗin ne ke nuna inda babur ya dosa. Sai a miƙar da kan babur a ɗaure shi, a ɗora doguwar sanda miƙaƙƙiya a jikin gefen bel ta zarce gaba, a daidaita kowane takalmi da ita ta hanyar juya tayarod ɗinsa. Babur ya kasance a ƙasa da nauyinsa, ba a kan jak ba, kuma gara mai shi yana zaune a kai. Ana haɗa bakin takalman biyu da igiyar roba mai ɗan ja kaɗan, domin ta tattare ragowar wasan zuwa ciki, ta yadda lambar da aka samu ita ce mafi ƙarancin buɗewar da za a taɓa gani a hanya. Awon kuma a kan wuƙar ake yinsa, kamar santimita 25 gaban kusar da ta ratsa takalmi da ƙwauri da santimita 25 bayanta, ba a gefen robar takalmi ba, domin robar tana lanƙwashewa kuma ba ita ke tuƙi ba. Na sha ganin wanda ya auna daga gefen takalmi ya ce komai daidai, alhali wuƙaƙen nasa a tsuke suke.

Akwai wata 'yar roba da mutane ba sa kulawa da ita, wadda take zaune tsakanin ƙasan ƙwauri da takalmi. Aikinta shi ne ta riƙe takalmin a yanayin da bayan wuƙa zai ɗan fi gabanta danna ƙasa. Ƙwaurin ba a tsaye cak yake ba, samansa a kishingiɗe yake zuwa baya, kamar yadda ƙafar gaban babur ɗin haya ko keke take. Wannan kishingiɗa, wadda makanikai ke kira kasta, ita ke sa wurin da wuƙa ta fi cizo ya kasance a bayan layin da takalmi ke juyawa a kai, sai takalmin ya riƙa bin babur kamar jela, yana miƙewa da kansa. Idan robar ta tsufa ta lotse, ko wani ya mayar da ita baibai bayan ya sauya takalmi, sai cizon ya koma gaban wuƙa. Takalmin da ke cizo da baki kuwa farauta yake yi: duk wani layin da wuƙar baburin da ya riga ka wucewa ta zana, sai ya faɗa ciki ya bi shi, kamar yadda tayar gaban babur ke faɗawa sawun da aka bari a rairayi ta ƙi fita. Ka ajiye babur a kan siminti mai laushi ka duba da fitila. Idan gaban wuƙa ne ke manne da ƙasa bayanta kuma yana da sauƙin ɗagawa, ka sa sabuwar roba, idan kuma bai isa ba ka cusa ɗan falle mai kaurin milimita 3 zuwa 6 a ƙarƙashin rabinta na baya. Gyara ne na kuɗi ƙalilan, kuma na ga ya warkar da baburan da masu su suka riga suka yanke ƙauna.

Yanzu ga abin da ƙara taurin sifirin ya jawo maka. Gwafa ba ta hawa sama a miƙe, kewaye take zanawa daga gindinta, haka shi ma tayarod yana zana nasa kewayen. Injiniyoyi suna ƙoƙarin su sa kewayen nan su dace, amma ba sa taɓa dacewa ɗari bisa ɗari, kuma duk inda suka saɓa, tayarod zai ja ko ya tura ƙwaurin, takalmi ya juya ba tare da ka taɓa kan babur ba. Saɓanin ya fi ƙanƙanta a tsakiyar tafiyar takalmi, inda gwafar ƙasa take kusan kwance, ya fi girma kuma a can ƙarshen sama da ƙarshen ƙasa. Da ka matse sifirin, ka ɗaga gaban babur, gwafofin suka rataya ƙasa sosai, ka mayar da zaman baburin yau da kullum zuwa sashen da ɗan motsi kaɗan ke sauya buɗewar baki da yawa. A wannan sashen ne kuma takalmi ke matsawa waje idan ya hau, ya dawo ciki idan ya sauka, kuma tun da wuƙa ba ta yarda ta zame gefe, sai ta tura gangar babur maimakon haka. Ban da wannan, ka ɗaga tsakiyar nauyin babur sama alhali faɗin da ke tsakanin takalman yana nan yadda yake, kusan inci 42 zuwa 43 a baburin hanya. Ɗagawar takalmin ciki a kwana daga nan take, doguwar wuƙa kuma ta ƙara mata, domin takalmin waje ya daina zamewa ko kaɗan, ya zama kamar madogarar da babur zai kife a kai.

Kana iya ganin wannan juyawar da idonka. Ka ɗaga gaba, ka cire shakazoba ɗaya tare da mahaɗin sandar da ke hana babur kwanciya, ka ɗaure kan babur, ka tsayar da faffaɗan katako a gefen takalmi, sannan ka ɗaga takalmin a hankali daga ƙasa zuwa sama kana auna ratar gaba da ta baya a matakai huɗu ko biyar. Abin da kake nema shi ne bambancin ratar gaba da ta baya a kowane mataki. Ka maimaita a ɗaya gefen. Idan ɓangarorin biyu sun yi kama, ƙirar kamfani ce kuma sai ka zauna da ita. Idan ɗaya ya fita daban, akwai abin da ya lanƙwashe, gwafa ko tayarod ko ƙwauri, ko ma gangar da suke ɗaure a jikinta. A dajin Ontariyo kututture da dutse suna ɓoye a ƙarƙashin dusar ƙanƙara, kuma baburin hannu da bai taɓa dukan ɗaya daga cikinsu ba abu ne mai wuyar samu. Gwafar da ta ɗan tanƙwara ba ta nunawa a ido sai an kwatanta ta da 'yar'uwarta da tef ɗin awo.

Wani abin da yake ba mutane mamaki shi ne cewa yawancin nauyin da ke kan takalman gaba daga baya ake sarrafa shi. Babur yana tsaye ne a wurare uku a jere: takalma, gaban bel, da bayan bel. Shakazobar tsakiya, wadda ke danna gaban bel ƙasa, ita ce madogarar da gaba da baya ke lilo a kanta. Idan ka ƙara wa sifirinta tauri, ta ɗauke wani nauyi daga takalman, tuƙi ya yi sauƙi, fizga ta ragu. Madaurin da ke iyakance saukar gaban bel kuma, idan an gajarta shi yana danna takalman ƙasa, idan an tsawaita shi yana sassauta musu. Sifirin ɗin can baya ma idan ya yi tauri fiye da nauyin mahayi, yana ɗaga bayan babur ya kifa shi a kan hanci, wanda hakan yana rage kasta kuma yana ƙara cizo a lokaci guda. Mai babur na farko yana iya kasancewa ya fi ka jiki, ko yana goyo, ya bar maka saitinsa. Ka lura ko fizgar ta fi tsanani lokacin da ka saki totur ko ka kama birki. Idan haka ne, nauyi a kan takalma ya yi yawa, kuma maganin yana ƙarƙashin kujerarka. Sai dai ka yi a hankali, domin idan ka sassauta fiye da kima babur zai ƙi juyawa a kwana ya riƙa zarcewa gaba, wanda shi ma haɗari ne a hanyar da itatuwa suka yi wa shinge.

Game da wuƙaƙen, tsayin kabaid ya kamata ya dace da riƙon da bel yake da shi. Ana dasa wa bel ƙusoshi masu tsini domin ya kama ƙanƙara, kuma abin da aka saba shi ne bel marar ƙusoshi ya tafi da kabaid na inci 4, mai ƙusoshi 96 ya tafi da na inci 6, mai 144 ko fiye kuma da na inci 8. Idan bel ɗinka ba shi da ƙusoshi kuma ka sa na inci 8, gaba ya fi baya ƙarfi nesa ba kusa ba. Ka koma gajere, ko ka nemi irin mai wuƙa biyu a jere a ƙarƙashin takalmi ɗaya, wanda ba ya zama cikin layin da wani ya zana, ko da yake yana ɗan rage kaifin juyawa a kan daskararriyar ƙanƙara. Ka kuma tabbatar wuƙaƙen a miƙe suke, domin tsallaka kwalta da titin jirgi yana lanƙwasa su.

Sai bayan duk wannan ne maganar shakazoba take shigowa. Hanyoyin da ƙungiyoyin mahaya ke bajewa da dare sukan koma tudu da kwari kafin la'asar ɗin Asabar, kuma idan kana tafiyar kilomita 50 a awa, wanda shi ne iyakar da doka ta yarda a hanyoyin Ontariyo, kana cin kusan mita 14 a daƙiƙa. Idan tsakanin tudu da tudu mita 2 ne, takalminka yana shan duka kusan 7 a kowace daƙiƙa. Shakazobar da take dawowa a hankali ba ta gama miƙewa kafin duka na gaba ya zo, sai ta riƙa tsugunnawa kaɗan-kaɗan har tafiyarta ta ƙare, gaban ya zama kamar ƙarfe ɗaya. Mahayi yakan ɗauka laushi ne ya yi yawa sai ya ƙara tauri, alhali abin da ake buƙata shi ne a saki dawowarta. Wadda man cikinta ya tsiyaye kuwa ba ta riƙe komai, takalmi ya yi ta tsalle, kuma idan gefe ɗaya ne kawai ya mutu, babur zai riƙa karkata a kan kowane tudu. Tun da ka riga ka cire su domin wancan gwajin, ka duba ko akwai danshin mai a sandar, ka danna kowacce da hannu ka ji ko turjiyarsu ɗaya ce daga farko har ƙarshe. Da yawa daga cikinsu ana buɗe su a sauya mai da robobi a sake cika iskar gas, a kan kaso kaɗan na kuɗin sabuwa. Idan naka irin masu iska ne a maimakon sifirin, kamar Fox Float, ka sani cewa iskar da ka cika a gareji mai ɗumin digiri 20 za ta rasa kusan kashi 14 cikin 100 na matsinta idan ka fita cikin sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri, saboda haka a cikin sanyin da za ka hau ake saita su, kuma gaban yana ɗage daga ƙasa.

Da ni ne kai, da na mayar da sifirin ɗin gaba da madaurin da duk sauran saiti zuwa abin da littafin babur ya faɗa domin nauyina, na mayar da gajerun wuƙaƙe, na sauya robobin ƙwauri da duk haɗin da ke wasa, sannan na yi alaimen a ƙarshe, domin duk wani sauyin tsayin gaba yana taɓa buɗewar baki. Daga nan sai in zaɓi wani yanki guda na hanya mai gargada, kamar kilomita ɗaya, in riƙa bin sa da gudu ɗaya, ina sauya abu ɗaya tak a kowane zagaye ina rubutawa a takarda. A kwana ka zamo gaba ka jefa kafaɗarka da gwiwarka ciki, domin jikinka babban kaso ne na nauyin da babur ke ɗauke da shi, kuma ka duba cewa mahaɗan sandar hana kwanciya ba su karye ba, tun da karyewar ɗaya kaɗai ta isa ta sa takalmin ciki ya riƙa tashi. Kafin ka kammala waɗannan, ina roƙonka ka rage gudu a kan gargada kuma kada ka fita kai kaɗai, domin a wannan yankin wurare da yawa waya ba ta kamawa, sanyin kuma ba ya ba wanda ya faɗi lokaci mai tsawo. Idan ka yi gwajin katakon, ka aiko mini da lambobin hagu da na dama, tare da sunan babur da shekararsa da nauyinka, sai in gaya maka ko akwai ƙarfen da ya kamata a sauya.